Leza ko buɗe kai: wanne ya fi ga farfaɗiyar da ta ƙi jin magani?

Ranar da yayata ta kira ni daga Tawa, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce: "Ƙanena, an turo mini wani bidiyo. Wai yanzu akwai wata wuta da ake zurawa cikin kai ta ƴar huda kamar ta basilla, washegari mutum ya koma gida. Don Allah ka bincika mana, ni ban yarda a fasa kan ɗan naka ba."

Yaron shekarunsa 19. Yana da shekara biyu zazzaɓi ya sa shi jijjiga mai tsawo, ya warke, kowa ya manta. Yana da 11 abin ya dawo da wata kama: ya ji wani abu ya taso masa daga ciki zuwa ƙirji, ya ƙura ido wuri ɗaya, yana tanɗe baki yana murza gefen rigarsa, ka kira shi ba ya ji. Wani lokaci iyakarta ke nan, wani lokaci ta kayar da shi. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an sha Gardénal, an koma Tégrétol, an ƙara Dépakine. Bayan hannunsa na hagu akwai tabon garwashin shayi. Wata da watanni na yi ina karatu, ina tambayar likitoci a nan Yamai, kuma abin da na fahimta shi nake son ajiye wa duk gidan da ke tsaye inda muka tsaya.

Kafin a zo kan leza, wato wutar hasken nan da yayata ta gani a bidiyo, da wuƙa, sai an tabbatar maganin ne ya gaza. Ƙungiyar duniya ta yaƙi da farfaɗiya ta tsayar da ma'auni a 2010: magani biyu da suka dace da irin ciwon, an sha su daidai awo, na isasshen lokaci, amma faɗuwa ba ta tsaya ba. A nan ne mutanenmu da yawa ke kuskure. Wanda maganinsa ke yankewa kwana goma duk wata saboda babu kuɗi ko babu shi a farmasi, da wanda ke sayen ƙwaya a tiren kasuwa bayan ta sha rana, da yaron da nauyinsa ya ninka amma awon maganinsa na nan yadda aka rubuta shekara biyar baya, duk waɗannan ba a ce ciwonsu ya ƙi magani ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum kusan miliyan 50 masu farfaɗiya, har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani yadda ya kamata. Amma in an cika sharaɗin kuma abin bai tsaya ba, jira ba ya ƙara komai. Binciken da aka yi a Gilasgo, wanda ya fito a shekarar 2000, ya nuna kusan rabin marasa lafiya sun sami sauƙi da maganin farko, wajen 13 cikin 100 da na biyu, daga nan abin da ake samu ƙalilan ne. Mu shekara huɗu muka ɓata muna canza ordonas bayan magani na biyu ya gaza.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi: daga ina wutar take tashi? Aiki, kowane iri ne, yana amfani ne in faɗuwar na da mafari guda a ƙwaƙwalwa, kuma wurin ana iya taɓa shi ba tare da an ɗauke wa mutum magana ko motsin hannu ba. Ana gane haka ta hoton IRM, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa na injin maganaɗisu, da aka ɗauka musamman don farfaɗiya, da kwantar da mutum kwanaki da wayoyin EEG masu auna lantarkin ƙwaƙwalwa a kai ana ɗaukar bidiyonsa har faɗuwar ta zo, da gwajin tunani da riƙe magana. Hoton sikanar kawai bai isa ba, ƙaramin tabo a ƙwaƙwalwa yana ɓuya masa. Duk likitan da ya faɗi kuɗin aiki tun bai ga waɗannan ba, a yi hattara da shi. Kuma ku riƙa ɗaukar bidiyon faɗuwar da wayar hannu tun daga farkonta, domin daƙiƙun farko sun fi gaya wa likita gaskiya a kan jijjigar ƙarshe.

Wurin da ya fi haddasa wannan ciwo ga manya shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne. Can cikinsa akwai wani ɗan nama mai lanƙwasa da likitoci ke kira hipokam, ɗaya dama ɗaya hagu, nan ne sabon abu ke fara zama kafin ya shiga ajiya. Jijjigar zazzaɓi mai tsawo a yarinta na cikin abubuwan da ake dangantawa da ƙanƙancewarsa da yin tabo. Yawancin alƙaluman da zan kawo a kan wannan wuri suke.

Aikin buɗe kai tsoho ne. Victor Horsley ya yi wa mai farfaɗiya aiki a Landan tun 1886. Yau ga yadda yake: a sa mutum barci, a yanka fata daga gaban kunne a lanƙwasa sama, a ɗaga wani yanki na ƙashin kai, likita ya duba da madubin ƙara girma ya cire gaban sashen, kamar santimita huɗu, haɗe da hipokam ɗin da ya lalace, sannan a mayar da ƙashin a ɗinke. Kwana uku zuwa mako guda a asibiti, wata ɗaya zuwa biyu na hutu a gida. Jin wannan bayani kaɗai yana sa uwa kuka, na ga hakan da idona. Sai dai hujjar da ke bayansa tana da ƙarfi ƙwarai. A 2001 likitoci a Kanada suka raba marasa lafiya 80 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: 40 aka yi musu aiki, 40 suka ci gaba da magani. Bayan shekara guda, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun rabu da faɗuwar da ke ɗauke hankali, a ɗaya ɓangaren kashi 8 kacal. Mutum ɗaya ya rasu a lokacin binciken, kuma cikin masu shan magani yake. A 2017 an yi irin wannan gwaji da yara 116 a Niyu Delhi ta Indiya: kashi 77 da kashi 7. Inda hoton IRM ya nuna tabon ƙarara kuma EEG ya yarda da shi, kusan bakwai cikin goma ke rabuwa da faɗuwa. Shekaru na rage wannan adadi. Bin diddigin mutum 615 a Landan ya nuna wajen rabi ne suka kai shekara goma ba ta dawo ba.

Leza kuwa jiya-jiya ta zo. A Paris ne likita Alexandre Carpentier ya ƙona ƙarin da ya tsiro a ƙwaƙwalwa da ita cikin injin IRM, aka buga sakamakon a 2008, sannan a 2012 likitocin asibitin yara na Tekzas a Amurka suka ba da rahoton farko na amfani da ita ga farfaɗiya. Na'urorin da aka fi sani su ne Visualase da NeuroBlate. Ana huda ƙashi kamar milimita uku, galibi ta ƙeya, a zura wani siririn zare mai ɗaukar haske ya bi tsawon hipokam. Sai a shigar da mutum cikin injin IRM, a kunna hasken, naman ya yi zafi har ya mutu, likita na kallon taswirar zafin a allo, in ya kusanci wurin da ba a so injin ya yanke. Ƙonawar kanta mintoci ce, amma shiri da saiti na cin sa'o'i, kuma mutum na cikin barcin asibiti kamar na kowane babban aiki. Ɗinki ɗaya, kwana ɗaya ko biyu, sai sallama. Bidiyon da yayata ta gani bai yi ƙarya ba a nan.

Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne yawan waɗanda ke warkewa. Babban rahoton da ya tattara marasa lafiya 234 daga asibitocin Amurka a 2019 ya sami kashi 58 cikin 100 bayan shekara guda. Kada wannan 58 ta rikita ku da ta Kanada. Gwajin Kanada ya lissafa har da waɗanda aka jefa cikin rukunin aiki amma ba a kai ga yi musu ba, kuma alƙaluman leza daga bin diddigin waɗanda aka zaɓa aka yi wa suka fito, ba daga ƙuri'a ba. In aka jera rahotanni masu yawa, buɗe kai na gaba da leza da kamar mutum goma cikin ɗari, wani lokaci fiye. Dalilin a fili yake: zaren leza na ƙona wuri mai faɗin kamar santimita biyu a kewayensa, in kuwa mafarin wutar ya ɗan zarce nan, sauran na nan da ransa. Wuƙa tana ɗebe fili mai faɗi.

Wannan faɗin kuma shi ne tsadarta, kuma a nan na fi daɗewa ina juya maganar. Ga mafi yawan masu amfani da hannun dama, fiye da tara cikin goma, magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take. In aka buɗe hagu aka cire gaban sashen, ana ratsa hanyoyin da ke haɗa abu da sunansa. Mutum zai ga buta, ya san ta alwala ce, amma kalmar "buta" ta maƙale masa. Tattara bincike da aka yi a 2011 ya nuna bayan aikin hagu wajen kashi 44 cikin 100 sun sami raguwar riƙe magana, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma raguwar kiran suna. Bayan aikin dama raguwar riƙe magana wajen kashi 20 ce. Leza tana shiga ta ƙeya, ba ta ratsa waɗannan hanyoyi, kuma binciken jami'ar Emory ta Atlanta a 2015 ya nuna waɗanda aka yi wa leza sun tsira da kiran suna da gane fuska fiye da waɗanda aka buɗe. Duk da haka hipokam ɗin ne ake ƙonawa, don haka riƙe sabon karatu na iya raguwa ko da leza.

Ku auna wannan da rayuwar mutumin. Mai hadda da ke tsakiyar sauka, da mushen lakwal da ke tsayawa gaban yara, da ɗan kasuwar da lissafin bashinsa duk a kai yake, in tabonsu a hagu ne, mutum goman nan cikin ɗari da leza ke rasawa na iya zama farashin da ya cancanci a biya. In tabon a dama ne, abin da leza ke karewa ya ragu sosai, rinjayen buɗe kai ya fito. Akwai kuma abin da ya dame ni: gwaje-gwajen tunanin nan da Faransanci ko Ingilishi ko Larabci ake yin su a ƙasashen da ake zuwa. Yaron da Hausa ce harshensa, Faransancinsa na firamare ne, zai iya faɗuwa gwajin saboda harshe, a rubuta cewa tunaninsa ya riga ya lalace, a ce babu abin da za a yi asara. Ku nemi tafinta, ku sa a rubuta a takarda da wane harshe aka gwada shi.

Sauran haɗurra sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato. Dukansu na iya taɓa jijiyar gani, mutum ya rasa wani kusurwa na sama a ganinsa. Ya fi yawa a buɗe kai, kuma da yawa ba sa ma lura sai an gwada. Dukansu na iya zubar da jini a ciki. Ƙwayar cuta a rauni, da ciwon muƙamuƙi wajen tauna, da ciwon kai na makonni sun fi bin buɗe kai. Leza na iya kawo kumburi ko ganin abu biyu-biyu na ɗan lokaci, kuma zaren na iya kauce wa saiti. Mutuwa a aikin buɗe wannan sashe ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba a hannun ƙwararru. Baƙin ciki da damuwa kan zo a watannin farko bayan kowanne, a sanar da iyali tun da wuri kada a ce aljanu ne suka dawo. A ɗaya gefen sikelin kuma a ɗora haɗarin zama haka: murhu, rijiya, tabki lokacin damina, babur, da mutuwar farat ɗaya cikin barci wadda ta fi samun masu yawan faɗuwa da jijjiga.

Akwai inda babu ma gardama. Yaron da ke fashewa da dariya ba dalili, wadda ba ta farin ciki ba, saboda wani ɗan ƙulli a can tsakiyar ƙwaƙwalwa kusa da inda ke sarrafa ƙishirwa da balaga, leza ta sauya masa lissafi gaba ɗaya, domin isa wurin da wuƙa na da haɗari babba. Haka duk wani ƙaramin tabo mai zurfi. Haka dattijo ko mai ciwon zuciya da jikinsa ba zai ɗauki babban aiki ba. Amma tabo mai faɗi, irin wanda sanƙarau ke bari, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda, ko haɗarin kabu-kabu, ya fi ƙarfin zare ɗaya. Mu kuwa a tsakiyar yankin sanƙarau muke, waɗannan su ne sanadin da muka fi gani. Yaron da rabin ƙwaƙwalwarsa ya lalace tun haihuwa, aikin raba wannan rabin da sauran ne ke taimakonsa. Inda kuma ake zargin ƙari ne, cire shi a kai ɗakin bincike a san irinsa ya fi ƙona shi. Mutane da yawa da ke mafarkin leza, hoton IRM ɗinsu zai yanke maganar tun ba a je ko'ina ba.

Yanzu ga abin da ya sa ra'ayina ya bambanta da na likitocin Amurka. Su suna cewa: fara da leza, in ba ta yi ba ƙofar buɗe kai na nan. Gaskiya ne, ana yin buɗe kai bayan leza, kuma ana samun nasara. Amma wannan shawara ce ta mai inshora wanda asibitin ke bayan gidansa. Daga Tawa zuwa Yamai kaɗai kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda cikin kar. Daga nan sai fasfo, biza, jirgi na mutum biyu, masauki, tafinta. Kowane Yuro dubu ɗaya sefa 655,957 ne. Gidan da ya sayar da shanu da gona, dangi na Abijan da Libiya suka haɗa hannu, tafiya ɗaya ce a hannunsa. In wannan tafiyar ta ƙare da "an sami sauƙi amma ba ta tsaya ba, ku dawo", babu abin dawowa da shi. Don haka wanda harsashi ɗaya gare shi, sai ya tambayi wane aiki ne ya fi yiwuwa ya gama maganar a karo guda.

Wurin yin aikin ma ya bambanta. Leza na bukatar injin IRM mai auna zafi, da na'urar saiti, da zaren da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, mai tsadar gaske. Turai sai a 2018 ta ba Visualase izini, Ingila kuma sai a ƴan shekarun nan ta shigar da ita cikin asibitocin gwamnati, a wurare biyu, Landan da Libaful. Buɗe kai ana yinsa a Maroko da Tunisiya da Masar da Afirka ta Kudu da Indiya, har a garin Mbale na Yuganda an gwada shi ga yara da kayan aiki kaɗan aka ga amfaninsa. Gajeren zaman asibiti na leza na rage kuɗin masauki, kuma ƙaramin rauni ya fi sauƙin kula ga mai komawa garin da babu likitan ƙwaƙwalwa kusa. Wannan riba ce ta gaske, ban raina ta ba. Sai dai ku nemi lissafin duka a rubuce, tun daga gwaje-gwajen farko, domin su kaɗai na iya cin kaso babba, musamman in aka ce sai an dasa wayoyi cikin kai don neman mafarin, dabarar da Bancaud da Talairach suka ƙirƙiro a asibitin Sainte-Anne na Paris.

Ga likitan da zai yi aikin, tambayoyina ba su da yawa. Irin wannan aiki nawa ka yi da hannunka? Cikin masu irin hoton yaron nan, nawa suka kai shekara biyu ba faɗuwa? In a asibitinku ana yin duka biyun, wanne za ka zaɓa masa, don me? Asibitin da leza kaɗai yake tallatawa, ko wanda buɗe kai kaɗai ya iya, kowanne abin hannunsa zai yaba. Sannan wa zai riƙa duba shi in mun koma Nijar? A san kuma cewa magani ba ya tsayawa ranar aiki. Ana ci gaba da sha shekara ɗaya, biyu, wasu har abada, kuma likita ne kaɗai ke ragewa a hankali. Kuɗin wannan maganin ma a ware shi tun kafin a hau jirgi.

Hoton ɗan yayata ya nuna hipokam na dama ya ƙanƙance, shi kuma da hannun dama yake rubutu. EEG ɗin da aka yi masa a nan Yamai ya nuna dama. Na je Tawa da takardun, muka zauna a tsakar gida bayan isha'i na zayyana musu duk abin da ke sama, ban ɓoye yankan ba, ban ɓoye ɗaya cikin biyar ɗin da riƙonsu ke raguwa ba. Na ce in kwanciyar bidiyo ta tabbatar da dama, ni buɗe kai zan zaɓa. In ta nuna hagu ko ta nuna duka biyun, mu sake zama. Yaya ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce: "Tabon kai hula na rufe shi. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri."

Shi yaron tambaya ɗaya ya yi: "Kawu, haddata fa?" Izu arba'in gare shi. Na ce masa abin da ya daɗe da zama a kai ba kasafai aikin ke taɓa shi ba, sabon da zai ɗora ne za mu sa wa ido. Washegari muka je wurin malaminsa, ya ba shi shafin da bai taɓa haddacewa ba, muka duba agogo muka rubuta mintocin da ya ɗauka kafin ya kawo shi ba gyara. Takardar na cikin jakar da hoton IRM yake, tare da littafin da uwarsa ke rubuta ranar kowace faɗuwa.